Ki Bar Mini Wurin Amsawa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Salaga, daga hannun ubanki Alasan mai doya, zuwa ga 'yata Rahinatu a Bawku. Kin ga na rubuta sunan sau ɗaya, don kada Yakubu direba ya kai wa wata takardar. Daga nan ba zan sake ba. Sunan mahaifiyata ne, bakina ba ya ɗaukarsa, biron ma da ƙyar ya yarda. Uwata za ki ji har ƙarshe, kamar kullum.

Assalamu alaikum, Uwata. Ina gajiyar hanya? Yaya baƙunta? Yaya Bawku da mutanenta, yaya aikin asibiti? Sun fara barin ki ki karɓi haihuwa, ko har yanzu kwano kike riƙe musu? Allah ya tsare ki a fita da shiga, ya sa hannunki ya zama mai sa'a ga matan mutane, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abin nan mai ƙara da ke cikin jakarki. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin ƙullin nan na miyarki ne, ba na raba wa abokan aiki ba.

Na san abin da za ki fara cewa: "Baba, ga waya, me ya kai ka takarda?" Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san makarantata a tsakiyar firamare ta tsaya, a Yendi, ranar da malam ya ce in zo da ubana, ni kuma na ga daina zuwa ya fi sauƙi. Sauran karatun a jikin buhu da ƙofar lori na ƙarasa shi. In kin ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi, ki tashe shi ki wuce. Dalilin takardar ɗaya ne: na duba ta gaba da baya, ban ga wurin da ake dannawa ta yi sauri ba.

Kin tuna ai. Gab da tafiyarki na aiko miki saƙon murya daga kasuwa a kan akwatin da za a saya miki. Da na dawo da la'asar, tun daga zaure na ji wani yana zuba magana a tsakar gida da siririyar murya, kamar zabon da aka kama za a kai kasuwa. Na ce a raina, wane baƙo ne wannan mara numfashi? Na leƙa, ke ce zaune a kan turmi da waya a hannu.

Na ce, "Uwata, wa ke wannan kuka?"

Kika ce, "Baba, kai ne."

"Ni? Yaushe na zama zabo ban sani ba?"

"Akwai wurin da ake taɓawa magana ta yi sauri. Baba, saƙonka tsawo gare shi, kuma rabinsa shiru ne. Ka ce ina kwana, ka yi shiru. Ka ce yaya gida, ka yi shiru. Gidan da ka baro ni a ciki da safe!"

Mahaifiyarki ta yi dariya har rariya ta kuɓuce mata. Ta ce, "Ki nuna mini wurin nan, ko akwai irinsa a jikin mutum." Ni ma na yi dariya, don abin dariya ne. Amma da na shiga ɗaki na cire hula, sai na ga dariyar ba ta biyo ni ciki ba.

Bari in faɗi abin da ke raina tun yanzu, kada ki ce sai an yi tafiyar Salaga zuwa Bawku kafin a ji inda Baba ya dosa. Ba na tsoron ki lalace. Na san tarbiyyar da uwarki ta yi miki, ni ina gefe ina ba da shawara. Tsorona ɗaya ne: kada ki koma hoton fure a cikin wayata. Irin hoton nan da ake turawa ran Juma'a, jan fure da masallaci da rubutu mai walƙiya, wanda mutum ke aika wa duk mutanen wayarsa da yatsa ɗaya bai tuna da ko ɗaya ba. Juma'ar da ta wuce na yi miki saƙo, kika maido mini da hoton babban yatsa. Na san kina bakin aiki. Yatsa ne mai kyau, ba ni da ta cewa a kansa. Amma na daɗe ina kallonsa, daga nan na tashi na je na sayi takarda da biro. Na taɓa ganin yadda mutum mai rai yake komawa fure, zan ba ki labarin. Sai dai kin san ubanki, ba ya shiga gida sai ya zagaya unguwa.

Tun da kika tafi safiya ta lalace mini. Da, in na dawo daga masallaci, ga koko ga ƙosai, ke ki buɗe waya ki karanto mini abin da duniya ta kwana da shi, ni in yanke hukunci, ki ce ban fahimta ba, in ce ke ce ba ki fahimta ba, har kokon ya yi fata. Yanzu ra'ayoyi sun taru mini a ciki kamar doyar da ba ta samu mota ba, wasu har sun fara tsiro. Na gwada uwarki, ta ce ita ba ta sayen gardama kafin ta ɗora tukunya. Na gwada Awudu mai shayi, shi kuwa duk abin da na faɗa sai ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Ni da ban taɓa wuce Kumasi ba. Rannan na ce masa wata ya fi rana zafi, don in gani. Ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, a ƙara madara?" To ki karɓi kayanki, ke kaɗai ce mai sayensu.

Attajiran nan na cikin waya zan fara da su. Kin san su, masu tsayawa a kan dandamali da riga mara aljihu suna gaya wa duniya sirrin arziki. Wani ya ce shi tun kafin asuba yake tashi. Wani ya ce sau ɗaya yake cin abinci a rana. Wani ya ce riga iri ɗaya yake sawa kullum don kada zaɓe ya ɓata masa lokaci. Uwata, duk waɗannan abubuwa mutanen zongo, unguwarmu ta Hausawa, sun daɗe suna yi, ba mu san sirri ba ne, mun ɗauka talauci ne. Wasu kuma na ji sun gaji da duniyar nan, suna haɗa jirgin da zai kai su wata. Allah ya kai su lafiya. Ni dai shawarata su biyo da jirgin ta hanyar Bimbila da damina su gwada shi tukuna. In ya fita daga wannan taɓo, sama ba za ta gagare shi ba.

Amma kada ki ga ina yi musu dariya, sun taɓa kama ni. Lokacin kina makarantar koyon jinya a Yendi, kin turo mini wani, kika fassara mini, wai ciniki ɓata lokaci ne, mai hankali farashi yake rubutawa ya huta. Maganar ta shige ni. Na nemo kwali na yayyanka, na rubuta kuɗi, na soka a kan kowane tulin doya, irin puna daban, irin laribako daban. Na zauna na harɗe ƙafa kamar mai banki. Sai ga Hajiya Memuna, wadda ke sayen doyata ta kai Kete Krachi tun ba a haife ki ba. Ta yi sallama ta ce, "Alasan, nawa yau?" Na nuna mata kwali da haɓa. Ta dubi kwali, ta dube ni, ta ce, "To, tunda kwali ne mai doyar, ka gaishe mini da shi, ka ce ina tambayar ciwon ƙafar matarsa." Ta wuce rumfar gaba ta baje zani ta zauna. Ita da mai rumfar suka yi ta ja, albarka, a rage, a ƙara, har ta sayi doyar da ba ta kai tawa ba a kan kuɗin da ya fi na kwalina, tana dariya tana tafa hannu. Ranar na gane ba doya kaɗai take zuwa saye ba. Kwalayen kuwa uwarki ta hura wuta da su, sun kama da kyau, nan kam ban yi asara ba.

Ke ma naki yana zuwa. In mace ta zo awo ta fara ba ki labarin surukarta da akuyarta da ta ɓata, kada ki nuna mata kati da haɓa. Ciwon yana can cikin labarin akuyar, ki bari ta iso. Attajiri yana da gaskiyarsa, a garinsu. Ki ji, ki auna, amma kada ki yanka kwali tun ba ki kwana a kan maganar ba.

Sai yatsa. Ki yi hankali da yatsanki. Wannan ba sai na tuna miki ba, dangi duka sun haddace mini shi kamar karatun salla. Bidiyon gobarar nan da ya shigo mini, wuta tana cin rumfuna, an rubuta a ƙasa wai kasuwar Bawku ce yanzu-yanzu. Ban tsaya ba, na tura gurup ɗin dangi, na bi da muryata ina salati. Mma Salamatu, matar marigayi wana Yaya Sumaila, tana Tamale wajen maganin ido a lokacin, rumfar albasarta kuma tana cikin kasuwar. Ta bar layin likita ta hau mota da ido ɗaya a ɗaure. Ta isa ta tarar da albasarta tana shan iska. Ke kika kira ni kika ce, "Baba, ka sake kallo. Mutanen da ke gudu rigar sanyi ce a jikinsu har kunne, ga ƙanƙara jibge a gefen titi. Yaushe aka fara wannan a Bawku?" Na ce, "To, ai zamani ya canza." Ba wanda ya yi dariya sai ni. Har yau in na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, ɗan jarida."

Garin da kike, kin sani na sani, wani lokaci yakan yi zafi, kuma magana a can ba ta tsayawa a magana. Ke baƙuwa ce, aikinki karɓar 'ya'yan kowa, jariri kuwa ba ya zuwa da yare a baki. In aka turo miki abu mai tayar da hankali, ki bar shi ya mutu a hannunki. In aka ce a shiga gida, ki shiga, ki kira ni mu yi gardamar attajirai. Kada ki rubuta ko harafi a kan rigimar da ba ki san farkonta ba. Ra'ayi irin namu na koko ne, a tsakar gida ake shansa da zafinsa, ba a kai shi dandali.

Hoto ma ya ci ni. Ranar yaye ku a Yendi, na sa babbar rigar salla, na yi wa waya caji har ta yi zafi, na ce yau duk Salaga sai ta ga 'yata. Da aka fara kiran sunaye na ɗaga wayar sama da kawunan mutane, ina ta fama kada hannu ya yi rawa, idona a kan hannun. Ban ga lokacin da kika hau ba, ban ga lokacin da kika karɓa ba, tafi kawai na ji, na ce ba komai, yana cikin waya. Muka dawo gida aka taru za a kalla. Uwata, kin gani da idonki. Ashe idon wayar ni yake kallo. Daga farko har ƙarshe hulata ce da goshina da ramukan hancina, da wani tsoho yana share ido da hannun riga yana cewa, "Ga ta nan, ga Uwata." Ke ko gyalenki bai fito ba. Uwarki da ba ta riƙe komai ba sai jaka, ita ta ga komai, har yau ita nake tambaya, da wane hannu kika karɓa, kin waiwayo ko ba ki waiwayo ba. Ta ce kin waiwayo. Don haka abin da kike so ya zauna, ki kalle shi da idon da Allah ya ba ki. Waya ta jira.

Waƙa kuma, to. Har yanzu ina kan bakana, mawaƙan yanzu muryarsu kamar an sa akuya cikin duro an rufe. Kin ce na'ura ce ke gyara muryar. Na ce in wannan ce gyararriyar, Allah ya raba mu da jin ta asali. Amma ki ji abin da ya faru bayan tafiyarki. Ina ɗaure buhu a tsakar gida ina ɗan gunguni, sai uwarki ta ce, "Malam, wannan ba waƙar akuyar ba ce?" Ita ce. Wadda kike sawa in kina wanki, mai amshin nan da ban san ko Turanci ne ko yaren Asante ko ciwon ciki ba. Ashe ta shige ni ta bayan gida. Na ce mata tasbihi nake yi. Ta ce, "Tasbihi mai rawar kafaɗa?" Yanzu in masu aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, suka wuce da ita a lasifika, sai in ga na tsayar da abin da nake yi har ta ɓace a kwana. Ba waƙar nake saurare ba. Ƙarar bokiti da ruwan wanki nake jira in ji a bayanta.

Kakanki ma haka ya yi da ni a Yendi. Ya ce kiɗan jita da ƙaho da muke ji kiɗan mashaya ne, ya kama rediyona ya kulle a akwati. Wata rana na dawo da wuri na same shi ya fito da shi yana kaɗa ƙafa. Ya ce batir yake gwadawa. In kin haifi naki suka zo da tasu akuyar, ki zage ta daidai gwargwado, haƙƙinki ne, amma kada ki rantse.

Na'urar nan mai amsa tambaya da kika sa mini kafin ki tafi, kika ce in na rasa abokin gardama in yi da ita, na gwada, don kada ki ce ban gwada ba. Na yi mata sallama ta amsa, Hausarta irin ta rediyo, tsaf-tsaf. Na ce yaya gida, ta ce ita ba ta da gida. Na ce yaya iyali, ta ce ba ta da su. Tausayi ya kama ni, na ce Allah ya kawo miji nagari. Sai na ja ta, na ce doyar Salaga ta fi ta ko'ina a duniya. Ta ce ina da hujja mai kyau. Na juya na ce a'a, ta Bimbila ta fi. Ta ce nan ma ina da hujja mai kyau. Uwata, Awudu mai shayi ne aka sa a cikin waya, sai dai ita ba ta ƙara madara. Ana ta cewa za ta ƙwace aikin mutane. Na uwarki dai ba ta isa ba, tunda ba ta iya cewa "ƙarya kake yi" ba. Ki yi amfani da ita a karatunki, na ji ta san abubuwa. Amma ranar da ranki ya ɓaci, ki nemi mai gida da iyali, wanda in kin yi kuskure zai dube ki ya ce kin yi.

To, na gama zagaye, ga ƙofar gida.

Yaya Sumaila, ke kin san shi da furfura da carbi, ba ki san shi da baki ba. Da kakanki ya rasu muka watse daga Yendi, ni na gangaro Salaga wajen doya, shi ya haura Bawku wajen albasa. Waya babu, rubutunsa kuma ya fi nawa muni, in kin yarda akwai irin wannan. Sai muka yi abin da 'yan kasuwa ke yi a lokacin, wato kaset. Ka samu rakoda, ka kori kaji daga ƙofar ɗaki, ka danna maɓalli biyu tare, ka yi ta magana har gefe ɗaya ya cika. Ka naɗe a tsumma ka ba direban da zai hau da doya, in zai sauko da albasa ya zo maka da amsa. Kaset ɗinsa kullum warin albasa yake yi. Kafin ka ji muryarsa idonka ya riga ya kawo ruwa, ba mai cewa kuka kake yi.

Shi ya fara barin filin. A kaset na farko da ya aiko ya ce, "Alasan, salamu alaikum," sai shiru, sai zaren kaset yana shuu. Na ɗauka rakoda ce ta lalace, na ɗaga hannu zan buge ta, sai na ji ya ce, "Ka amsa mana, ɗan banza, ina jiranka." Na amsa. Ya ce, "Ina kwana?" Shiru. Na ce lafiya lau. "Yaya amarya?" Shiru. Uwarki tana bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa wa rakoda ta ce, "Lafiya lau, Yaya." Ya san tsawon amsata kamar ya auna da igiya. In ya tsokane ni sai ya bar fili mai faɗi, don ya san sai na rama. A kaset muke gardamarmu, wane mawaƙi ya fi wane, wane attajirin goro ne na gaske wane ne na riga, ko gaskiya ne Bature ya taka wata. Ya faɗi tasa, in jira motar albasa ta juya in faɗi tawa. Gardama ɗaya takan cinye damina. Duk tsawon lokacin ban taɓa jin yana da nisa ba.

Sai waya ta zo, muka ce mun huta. Da farko kullum muna kira, muna ihu kamar ba ta cikin wayar za a ji ba. Sannan kira ya koma na Juma'a, tunda kowa ya san ɗan'uwansa yana nan cikin aljihu, ko yaushe ana iya kira. Abin da ake iya yi ko yaushe kuwa, shi ne ba a yi. Sannan babbar waya ta zo da hotunanta. Ni na fara tura masa furen, ba zan ɗora wa mamaci ba. Na ga yana walƙiya, na ce Yaya zai so wannan. Ya maido mini da babban yatsa. Juma'a ta gaba shi ya turo fure, ni na mayar da yatsa. Ba faɗa, ba gaba, kowa yana ganin zumunci yake yi. Haka muka yi ta yi, fure, yatsa, fure, yatsa, har ranar da Mma Salamatu ta kira ni da rana tsaka ina kan lodi. Ashe ya daɗe yana ciwo, ya hana a gaya mini. Da a kaset ne da na ji, don numfashin mutum ba ya ɓuya a cikin shiru. Fure kuwa ba ya tari.

Bayan sadakar arba'in na zauna na buɗe hirarmu a waya, ina ja da yatsa ina neman muryarsa. Na yi ta ja, na yi ta ja. Lambu na tarar, Uwata. Furanni ja da rawaya har inda wayar ta ƙare.

Kaset ɗaya ya rage mini. Sauran mun yi ta ɗora sabuwar magana a kan tsohuwa, wasu zafi ya narkar. Yana cikin akwatin uwarki ƙarƙashin zannuwa. Lokaci-lokaci nakan aro tsohuwar rakodar Awudu in sa. Ya ce, "Alasan, ina kwana?" ya yi shiru. Filin yana nan har yau, daidai tsawon amsata, ni kuma ina amsawa. Can gaba ya ce, "Yaya jaririyar, ta fara zama?" Ke ce jaririyar. Ranar da muka raka ki tasha na dawo na sa shi, da ya yi tambayar na ce, "Ta fara zama, Yaya, har ta miƙe, ta tafi garinku." Ranar filin bai ishe ni ba. Ina tsakiyar ba shi labari ya wuce zuwa maganar albasa.

Wannan shi ne shirun da kike tsallakewa. Ba mantuwa ba ce, ba tsufa ba ne, ko da yake shi ma yana nan a zaure yana jiran a ce ya shigo. Wurin zama ne nake share miki a cikin maganar.

Ban ce ki daina taɓa wurin saurin ba. Na san aikinki, mai naƙuda ba ta jiran Baba ya gama gaisuwa. In saƙon akwati ne ko na yaji, ki mai da ni zabo, na yafe. Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ran Juma'a kada ki turo mini fure, kada ki turo yatsa. Ko ba ki da abin faɗa, ki danna ki yi magana. Ki gaya mini abin da attajirai suka sake ƙirƙirowa, ki ce ban fahimta ba tun kafin in buɗe baki. In kina mura, in ji ta. In ranki a ɓace yake, kada ki gyara murya, ke ba mawaƙiyar zamani ba ce. Kuma in kin ce, "Baba, ina kwana," ki dakata, kamar gwargwadon ki ɗauki kofin koko ki kurɓa ki ajiye. Abokan aikinki za su gan ki riƙe da waya kin yi shiru, su ce 'yar Salaga ta taɓu. Ki ce musu gado ne.

Ki je ki gaida Mma Salamatu da ƙafarki, tana layin 'yan albasa, kowa ya san ta. Ki zauna, ki bari ta ba ki labarin idonta tun daga farko. In ta ce yaya ɗan jarida, ki ce ya ajiye aiki.

Yakubu ya gama lodi, yana ta danna hon kamar ni na riƙe masa hanyar Yendi. Na sa masa doya puna a buhu daban da sunanki, ki ƙi yarda in ya ce ɓera ya ci. Allah ya tsare mini ke dare da rana, ya tsare garin da kike da mutanen cikinsa, ya sanyaya zukatansu. Allah ya sa kowace mace da ta shigo hannunki ta fita da ɗanta a goye. Allah ya ji ƙan Yaya Sumaila da kakanninki, ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.

Filin da za ki gani a ƙasa da gangan na bar shi, ba biro ne ya ƙare ba. Ba mai kallonki, ki amsa da baki.

Uwata, ina kwana?



Madalla. Yaya gajiyar aiki?



Kin ci abinci kuwa?



To, alhamdu lillahi. Ni ma lafiya lau, tunda kin tambaya.

Ubanki,
Alasan mai doya, Salaga.